Waiwaye: Masifar Muke Tunawa, Masu Kawo Ɗauki Fa?

A daren Lahadi 15 ga Yulin 2018, wayewar Litinin, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya. Kafin gari ya waye ambaliya ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta kwashi dabbobi, ta ci rayukan mutum fiye da 40, da yawansu mata ne da ƙananan yara. Wasu gawarwakin ma sai a ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, aka tsamo su. Gwamna Aminu Bello Masari ya je, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo jaje, motocin kayan agaji suka biyo baya. Duk wannan yana cikin jaridun lokacin, wanda ya so zai iya nemowa.

To amma a cikin daren nan, kafin kowace mota mai jiniya ta taso daga Katsina, akwai waɗanda suka shiga ruwa. Akwai wanda ya saɓa tsohuwa a kafaɗa, akwai wanda ya hau katanga ana miƙo masa yara, akwai waɗanda suka wuni suna bin gaɓar rafi suna duba ƙarƙashin itatuwan da ruwa ya tuge. An ƙirga gidaje, an ƙirga awaki, an ƙirga buhunan shinkafa. Su waɗannan mutane, sai dai a majalisar unguwa a ce, "Ai wane ya yi ƙoƙari a daren nan, Allah ya saka masa." Iyakarta ke nan.

Ba wai Bahaushe mai mantuwa ne ba. Da masifa ma tsofaffinmu suke lissafin shekaru. A ƙasar Katsina da Daura an daɗe ana ambaton yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940, kuma har yau za ka ji dattijo ya ce an yi masa aure shekarar fari, yana nufin farin 1973, ko wata ta ce ɗanta na fari ya rasu a sanƙarau na 1996, annobar da ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya. Muna da hanyarmu ta karɓar rashi: a yi jana'iza da wuri, a zauna zaman makoki, masu yin sadakar uku da bakwai da arba'in su yi, a ce "Allah ya jiƙan musulmi, Allah ya kiyaye gaba." Masifar takan samu suna ta zauna a bakin mutane shekara ɗari. Wanda ya tare ta da ƙirjinsa kuwa, ba a cika jin nasa sunan ya wuce unguwarsu ba.

Dalilin yana cikin yadda aikin ceto ya faro a wurinmu. A garin da ɗakuna na jinka ne, danga ta kara ce, rumbuna kuma suna jere a bayan gida, gobara baƙuwar kowace shekara ce, musamman idan hunturu ya kankama, an kai garwashi ɗaki don jin ɗumi. Da an ƙwala ihun "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!" babu mai tambayar gidan waye. Mata su fito da tuluna, maza su ɗebi ƙasa da ɗanyen ganye, wasu su hau su yaye jinkar maƙwabta don kada wutar ta samu abin tsallakawa. In yaro ya faɗa rijiya, masu yasar rijiya ake kira. In ruwa ne ya ci mutum, masunta ne da Sarkin Ruwa. In karaya ce, ga maɗori. Bayan ƙura ta lafa a yi gayya a tayar wa mai gida da ɗakinsa, wannan ya kawo damin gero, wancan ya kawo azara. Babu albashi, babu inifom, don haka babu wanda ya ga dalilin ware wani a ce shi ne gwarzo. Haƙƙin maƙwabtaka ne, yau gare ka gobe ga waninka.

Har gobe wannan tsohon tsarin shi ne yake fara isa wurin da abu ya faru. Ɗan garuwa da kurarsa, ɗan kabu-kabu da ya goya wanda ya ji rauni, mai Keke Napep da ya sauke fasinjojinsa ya ɗauki mai naƙuda. Abin da ya canza ita ce wutar kanta. Fetur ya shigo, tukunyar gas ta shiga kicin, wayoyin lantarki sun sarƙe a saman rumfunan kasuwa, gine-gine sun yi sama. Wutar fetur ba ta jin bokiti. Ka watsa mata ruwa, man ya hau kan ruwan ya bi lungu da wutarsa. Nan ne aka buƙaci mutanen da aikinsu ke nan, an koya musu, an ba su kayan aiki.

Hukumomin sun zo ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwana-kwana ya fara a Legas a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sanda, sai a 1963 aka yi masa dokar kansa. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya ta samu tata dokar a 1960. Jami'an sibil difens sun samo asali a 1967, lokacin yaƙin basasa, don koya wa mutanen Legas yadda za su kare kansu daga harin jirgin sama. Farin 1972 zuwa 1973, wanda ya fi yi wa Arewa illa, shi ya haifar da hukumar rabon kayan agaji ta NERA a 1976. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta zo a 1988, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, kuma ta maye gurbin NERA a 1999, da nufin a daina tsayawa kan rabon buhu da bargo, a koma shiri tun kafin abu ya auku. Wanda ya dubi jerin nan zai ga yawancinsu ihu ne bayan hari: sai an sha wuya sannan a kafa hukuma. Jihar Katsina, da aka ƙirƙiro a 1987, ta gaji wannan tsari, da hukumar kashe gobara tata da hukumar agajin gaggawa ta jiha, ga kuma ƙananan hukumomi 34 da suka miƙe tun daga bakin iyakar Nijar har zuwa Sabuwa da Ɗandume.

A gefe guda akwai rundunar da babu gwamnatin da ta kafa ta: 'yan agajin ƙungiyoyin addini, na Jama'atu Nasril Islam, na Fityanul Islam, na Izala. Mun saba ganinsu suna gyara sahu a filin Idi ko suna tsare ƙofa a wurin wa'azi da sansanin alhazai, har wasu na yi musu kallon 'yan bautar banza. Amma ranar da mota ta kife a hanyar Kano ko ta Funtuwa, gawa ta yi yadda ba kowa ke iya kallonta ba, sau da yawa su ne masu naɗe hannun riga su ɗauka, su kai asibiti, su tsaya har a yi wanka a sa a likkafani.

Idan ana neman shekarar da ta tona asirin shirinmu a matsayin ƙasa, 2002 ce. Ranar Lahadi 27 ga Janairu rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi. Mutum sama da 1,000 suka mutu, kuma abin takaicin shi ne ba bam ne ya kashe akasarinsu ba. Gudu suka yi cikin duhu da firgici, babu mai ce musu ga abin da ke faruwa ko ga inda za su nufa, suka afka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe samanta. Masu kwale-kwale da masu iyo na unguwa ne suka yi kwanaki suna tsamo gawarwaki. Legas dai ta yi abin da ba kasafai ake yi ba: an keɓe wurin da aka binne mutanen, ana kuma zuwa tunawa da su.

Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka, ranar Asabar 4 ga Mayu, jirgin saman kamfanin EAS da ya tashi daga Kano zuwa Legas ya faɗo kan gidajen mutane a Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Ga Bakatsine, Gwammaja ba wata duniya ba ce. Ta wannan gefen na Kano motocinmu ke shiga gari, kuma da wuya ka samu zuriyar da ba ta da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Kano. Mutanen unguwa ne suka fara tonon ɓaraguzai da hannu da shebur, wuta na ci, kafin ma'aikata su iso. Ranar 4 ga Mayun nan, ita ce kuma ranar 'yan kwana-kwana ta duniya. An fara ta a 1999, bayan wutar daji ta kashe 'yan kwana-kwana biyar a kusa da garin Linton na ƙasar Ostareliya a ƙarshen 1998. Mutum biyar a wani daji mai nisa sun sa duniya ta ware rana. Waɗanda suka tono Gwammaja kuwa, sai dai Allah ya ba su lada.

'Yan watanni kafin Ikeja, Amurka ta ga tata masifar, kuma yadda ta yi da ita abin dubawa ne, ko da mutum yana da ta cewa game da yaƙe-yaƙen da ta ƙaddamar a Afganistan da Iraƙi daga baya. A harin 11 ga Satumban 2001 mutum 2,977 suka mutu, ban da maharan su 19. A cikinsu akwai 'yan kwana-kwana 343 na birnin New York, da 'yan sandan birnin 23, da wasu 'yan sanda 37 na hukumar da ke kula da tashoshin jiragen yankin. Mutane na saukowa daga dogayen benaye biyu da aka kai wa harin, su kuma suna hawa da kaya masu nauyi a baya, har ginin farko ya rufta wajen ƙarfe goma na safe, na biyu ya bi shi bayan kusan rabin awa. Kowace shekara iyalai kan taru a wurin a karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, kuma an zana sunayen a jikin tagulla a dandalin tunawa da aka buɗe a 2011.

Wannan shi ne abin da talabijin ke nunawa. Wanda ya fi shi muhimmanci a ganina shi ne abin da ya biyo baya. Dubban ma'aikatan da suka yi watanni suna tonon ɓaraguzan sun shaƙi ƙura mai guba, daga baya cututtukan huhu da ciwon daji suka fara bayyana. Ba a ba su kulawa a ruwan sanyi ba. Sai da suka yi ta sintiri a majalisa, wasu a kan keken guragu, kafin Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar Zadroga a farkon 2011, wadda aka sa wa sunan wani ɗan sanda da ya rasu bayan aikin. A 2019 aka sake tsawaita asusun biyan diyya. Zuwa Satumban 2023, ma'aikatan hukumar kashe gobara ta New York da cututtukan wurin suka kashe sun kai 343, daidai da waɗanda suka mutu a ranar harin. Ko a ƙasar da ta fi kowa kuɗi, sai da aka yi kusan shekara goma ana ja-in-ja. Amma da yake sunayen a rubuce suke, an san wa ya yi aiki, a ina, na tsawon wane lokaci, babu yadda za a yi a ce ba a san su ba. Rubutun nan shi ya zama hujjar marayu da zawarawa.

Mu ma muna da namu da suka tafi a bakin aiki, kuma ba kaɗan ba ne. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a Kano. A Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya shigo Legas da cutar Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata, ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu, a ƙasar da motoci ke tashi daga Legas zuwa Katsina kullum. A Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya yi kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, cikin mamatan har da 'yan sa-kai shida na Red Cross da suka je rabon abinci. A garin na Rann ne kuma aka sace Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Liman a Maris na 2018, ma'aikatan lafiya masu karɓar haihuwa, aka kashe ɗaya a Satumba, ɗayar a Oktoba. A watan da aka yi ambaliyar Jibiya, can a jihar Ribas, wani mutum mai suna Joe Blankson ya yi ta komawa cikin ruwa bayan kifewar jirgin ruwa har ya fito da mutum 13, a komawa ta gaba shi bai fito ba.

Wasu an karrama su. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a jihar Filato, wanda ya ɓoye mutane sama da 200 a masallacinsa da gidansa a rikicin Yunin 2018, Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, sannan a Oktoban 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ba shi ta ƙasa. A wannan bikin ne aka tuna da Dokta Adadevoh, shekara takwas bayan rasuwarta. Madalla da hakan. Sai dai duk waɗannan mutane ne da labarinsu ya yi sa'ar shiga jarida. Sojoji suna da 15 ga Janairu, ranar da ake saka furanni a saki tantabaru a kowace jiha. Ɗan kwana-kwana, da direban motar asibiti, da ɗan agaji, ba su da wata rana ta ƙasa da talaka ya san da ita.

Maimakon yabo ma, abin da ɗan kwana-kwana ya fi sabawa da shi a garuruwanmu shi ne zagi, wani lokaci har da jifa. Kowa ya san maganar: "Ba sa zuwa sai wuta ta gama ci, in sun zo ma ba ruwa." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a bi abin daki-daki. Wuta ta tashi a wani gida cikin ganuwa, a ce Rafindadi ko Yarinci. Mutane za su fara da jarkoki, kowa na zaton wani ya kira, sai bayan an ga abin ya fi ƙarfi sannan a shiga neman lamba. Mota ta taso, direbobi ba sa kaucewa jiniya. Ta iso bakin lungu, wani ya yi dakali ya ci hanya, wani ya kafa rumfa, ga 'yan kallo cike da wuri kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Yallaɓai, sai yanzu?"

"Baba, don Allah ku matsa mana mu ja tiyo."

Tankin motar 'yan dubban lita ne kawai, in aka buɗe famfo da ƙarfi cikin mintuna kaɗan ya ƙare. A biranen da aka tsara, motar ba da ruwanta take dogara ba, akwai bakin famfon kashe gobara a gefen titi da za ta jona ta yi ta ja. A garin da famfon gida ma sai ya yi kwanaki bai kawo ba, dole ta juya ta je ta ɗebo. Wanda ya ga ta juya sai ya ce ai dama ba ruwa ta zo, sai dutse ya biyo baya. Shi kuma wanda aka jefa ɗin, ba shi ya ƙi sayen mota ba, ba shi ya ƙi sa mai ba, ba shi ya bar mutane suka gine hanya ba. Wataƙila ma ya shiga hayaƙin ba tare da tukunyar iskar numfashi ba.

Ranar Litinin 22 ga Maris na 2021 babbar kasuwar Katsina ta kama da wuta da safe, shaguna masu yawa suka ƙone, dukiya mai ɗimbin yawa ta salwanta. Shekara biyar kafin nan, a Maris na 2016, kasuwar Sabon Gari ta Kano ce. Bayan kowace irin wannan gobara abin da ke biyowa baya sananne ne: manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a buɗe asusu, a ce "Allah ya mayar da alheri." Haƙƙin 'yan kasuwa ne a taimaka musu, babu ja. Amma ba a cika jin an tambayi yadda ƙirjin waɗanda suka wuni cikin hayaƙin roba da katifa da atamfa ya kwana ba.

Kuma wuta ma ba ita ce kaɗai aikinsu ba. A Arewa, kiran da ake yi wa 'yan kwana-kwana da yawa na rijiya ne da kududdufi da masai. Tsohuwar rijiya da ramin masai suna da wani makirci: iskar da ke ƙasa ba ta numfashi ba ce. Mutum ya faɗa, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, ya sume, na uku ya bi. Sau da yawa a irin wannan ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya, kuma na biyu da na uku duk masu ceto ne. Masu yasar rijiya na da sukan zura fitila tukuna, in ta mutu ba mai sauka. Wannan ilimin yana ɓacewa tare da masu shi, na zamani kuma bai iso ƙauye ba. Haka a ruwa: a bikin ƙaramar Sallah ta 2022 kwale-kwale ya kife da yara a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta ƙasar Daura, aka yi asarar rayuka. A irin wannan wuri, kafin wani ya zo daga birni, mai iyo na ƙauye shi ne hukuma.

Akwai kuma abin da ya sanyaya gwiwar mai taimako. Shekara da shekaru mutane na tsoron ɗaukar wanda mota ta kaɗe ko aka harba, don kada a je asibiti a ce sai an kawo takardar 'yan sanda, ko kuma mai taimakon ya kwana a caji ofis yana amsa tambayoyi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Wata dokar ta 2017 ta wajabta duba wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi. A 2019 aka buɗe cibiyar kiran gaggawa ta lamba 112 a Katsina, kira kyauta. A jihar da 'yan bindiga suka addabi Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da ita kanta Jibiya, inda masu kwaso waɗanda aka harba galibi 'yan'uwansu ne a kan babura, waɗannan dokoki ba ƙananan abubuwa ba ne. Matsalar ita ce wanda aka yi dokar dominsa bai san da ita ba. Ka tsaya a tasha ka tambayi direbobi goma lambar da za su kira in sun tarar da haɗari.

Ta fuskar haƙƙi, dokar fansho ta tarayya ta ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Mai aikin albashi ke nan, shi ma in an biya a kan kari. Ɗan agaji da ɗan garuwa da mai iyo ba sa cikin kowace takarda. In ɗayansu ya mutu wurin ceto, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi zaman makoki, matarsa ta gama takaba ta koma gidansu da yara.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce idan aka kawo zancen tunawa: mu ba mu gina gunki, ba mu ƙawata kabari, ba mu ajiye furanni. Haka ne, kuma ba shi ake nema ba. Addinin ma bai rage wa mai ceto daraja ba. A Suratul Ma'ida Allah ya ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, hadisi kuma ya lissafa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. Sakamakonsu na lahira yana wurin Allah. Na duniya shi ne a wuyanmu, kuma rubuta suna ba baƙon abu ba ne a Musulunci: Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai riƙa samu daga baitulmali. Daura tana da Girgam mai jerin sarakunanta, Katsina ta riƙe sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ɗaruruwan shekaru, jihar tana da hukumar tarihi da al'adu. Iya adana suna ba shi muka rasa ba, wanda muke ganin ya cancanci a adana ne bai haɗa da mai ɗaukar tiyo ba.

Aikin ma ba mai tsada ba ne. Duk lokacin da aka yi ambaliya ko gobara, jami'ai kan bi gida-gida da mai unguwa suna rubuta wanda ya rasu da abin da aka yi asara, don da wannan lissafin ake rabon kaya. Mai unguwar nan da ya san ɗaki nawa ya rushe a gidan wane, ya san yaron da ya shiga ruwa ya fito da mutum uku, ya san wanda ya ƙone a hannu wurin ɓalle ƙofa. Layi ɗaya za a ƙara a takardar. Daga mai unguwa ta je wa dagaci, ta je wa hakimi, kwafi ɗaya ya tafi fadar Katsina ko ta Daura, ɗaya ya tafi hukumar agajin gaggawa. Wanda ya ji rauni a yi masa magani kyauta a asibitin gwamnati, wanda ya rasu a ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa, 'yan majalisar jiha su sa abin cikin doka don kada ya tsaya kan ganin damar gwamna mai ci. Na Jibiya ma bai ɓace ba tukuna, tunda masu unguwannin da matasan da suka yi aikin daren nan da yawansu suna nan da ransu, ana iya zuwa a tambaye su.